Ɗakin Gwaggo Ya Yi Tafiya

Ranar Talata

'Yar Firit,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar aiki, ya masu jiki na asibitinku? Allah Ya ba su lafiya, ke kuma Ya ƙara miki haƙurin zama da su. Ni lafiyata lau, in ban da gwiwar nan ta hagu da ta mai da kanta mai duba, tun kafin hadari ya haɗu take sanar da ni. Abinci kuwa ina ci, kada ki fara.

Labarin da ke gari shi ne yaran unguwar nan sun haɗa ƙungiya. Duk Asabar sai su ɗauki tsintsiya da bokiti su faɗa gidan wani tsoho, su share, su wanke, su gyara abin da ya lalace, ba sa karɓar komai. Abin da suke nema kawai, tsohon ya koya musu wani abu da ya iya. Tsohon kafintan da ke bayanmu har ya fara koya musu riƙe zarto, yanzu ba ya gaisawa da mutum sai ya ce "ɗalibaina". Mu 'Yan Asabar muke ce musu.

Jiya biyu daga cikinsu suka yi mini sallama. Namijin dogo ne, muryarsa daga sama take saukowa, yana shigowa ya ƙume kansa da saman ƙofa, ya juya ya ba ƙofar haƙuri. Macen kuwa hannunta cike da awarwaro, kafin ta yi magana su sun riga sun yi. Wai sunana yana cikin takardarsu, Asabar ta ƙarshen wata tawa ce. Na ce wa ya kai sunana? Suka ce wani mai ƙaunata. Na ce to mai ƙaunar nan bai san ni ba.

Ni fa ban ga abin gyara a ɗakin nan ba, komai yana inda yake. Amma yaran akwai ladabi, kunya ta hana ni korarsu. Kuma tun da suka tafi nake jin ɗakin ya fi da shiru. Da la'asar na zauna bakin taga, rana tana ɗumama mini kunci, sai na riƙa jin ƙarar keken ɗinkina can nesa-nesa, ke kuma kina ƙarƙashinsa kina tsince ƙyallaye kina yi wa 'yar tsanarki riga. Shekara nawa ke nan? Kada ki lissafa mini.

Ki riƙa cin abinci a zaune.

Gwaggonki

*

Ranar Lahadi

Gwaggo,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya. A tsaye na karanta ta a ɗakin canza kaya, sai da abokiyar aikina ta tambaye ni dariyar me nake yi ni kaɗai. A gaishe da gwiwa, a ce mata ta sassauta. Kuma don Allah ki daina rubuta 'Yar Firit a bayan ambulan. Masinja yana kallon sunan yana kallona, ya rasa inda za mu haɗu.

Gara in faɗa miki kafin ki ji a bakin wani, mai ƙaunar nan ni ce. Na ga labarinsu a waya, na kira shugabansu, Dogon nan naki, na ba shi sunanki. Gwaggo, shekara uku rabona da gida, kuma zuwana na ƙarshe sai da na yi ta tsallake gwangwanaye da buhunan ƙyalle kafin in kai gado. Ke kaɗai ce a ɗakin nan. In kin faɗi, wa zai sani? Na ce musu su kwashe tarkacen duka, su buɗe miki hanya, su sa fenti mai haske. Ki bar su su yi aikinsu, kada ki tsaya a kansu kina "ajiye wannan, bar wancan."

Ki koya musu ɗinki. Hannun da har takardar wasiƙa yake bi da keke yana yi mata layi-layi na huji don ado, ai bai kamata ya zauna haka ba. Duk wasiƙun na adana su, abokan aikina har cewa suke yi in roƙo musu irin takardar.

Nan dai aiki ne kawai. Ɗakina yana hawa na huɗu, tagarsa bangon wani gini take kallo. In na dawo a gajiye na miƙe a gado, sai in rufe ido in shiga ɗakinki, in bi shi kusurwa-kusurwa har barci ya ɗauke ni. Ban taɓa gama zagayen ba.

Ki rubuto mini yadda aka yi.

'Yarki

*

Ranar Juma'a

Gwaggo,

Sallama, da fatan kina lafiya. Yau sati shida ban ga wasiƙarki ba. Kullum sai na leƙa akwatin wasiƙu na ƙasan bene, har mai gadi ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Na kira wayarki ya fi sau ashirin, a kashe. Na kira Dogo, ya ce aiki ya yi kyau, ɗaki ya dawo sabo, kin yi ta sa musu albarka. Da na ce ya kai miki wayarsa mu gaisa, sai ya fara in-ina, wai kin ce za ki rubuto.

In fushi kike yi da ni don na kai sunanki, ki yi fushin a takarda in gani. Gara ki zage ni da wannan shirun.

'Yarki

*

Ranar Laraba

'Yar Firit,

Wa alaikumus salam. Lafiyata lau, kuma ba fushi nake yi ba. Wannan rubutun Mai Awarwaro ne, ni nake faɗa tana rubutawa, don haka in kin ga ya fi nawa kyau ki bar wa cikinki.

Ɗakina ya yi tafiya ya bar ni. Ina zaune a cikinsa amma ba ya nan. Da safe nakan miƙa hannu in gaisa da kabad, sai in gaisa da iska. Taga ta koma wani gefen, ko kuwa ni ce na koma, ban sani ba. Jiya na tashi zan je ƙofa, na daɗe ina tafiya, sai na iske kaina a bakin gadon da na taso. Warin fenti ne ko'ina, ƙamshin man keke da na saba ji ya ɓace. Kawunki marigayi ma, da nakan ji motsinsa wajen kujerarsa da hantsi, ya daina zuwa. Ina jin shi ma ɓata yake yi.

Kada ki damu. Yaran suna zuwa, har ranakun da ba Asabar ba.

Gwaggonki

Anti, ni ce mai rubutun. Ta sa na yi alkawarin ba zan ƙara komai ba. Ina wuni kawai.

*

Ranar Litinin

Gwaggo,

Sallama. Ni lafiya. Na karanta wasiƙarki sau huɗu, na kuma nuna wa likitan da muke aiki tare. Mutum ya ɓata a cikin ɗakinsa, ya rasa ƙofa, ya riƙa jin motsin wanda ya rasu shekara goma sha biyu da suka wuce, Gwaggo, kullum ina ganin irin wannan a wurin aiki, na san sunansa. Ruɗewar tsufa ce take farawa, kuma ba a barin mai ita shi kaɗai. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na koma bakin aiki.

Na nemi hutu, an ba ni ƙarshen watan gobe. Zan zo in taho da ke. Na aro babban akwati wurin maƙwabciyata, na matsar da gadona na yi miki wuri. Keken ki bar wa yaran. Ba shawara nake nema ba. Ke kika riƙe ni tun ina shekara biyar, yanzu lokacina ne.

Ki ce wa mai rubutun ta kira ni.

'Yarki

*

Ranar Asabar

'Yar Firit,

Sallama. Lafiya lau, gwiwa ma ta yi sauƙi. To likita, sannu da aiki. Daga nesa kin gwada ni, kin gano cutar, har kin aro akwati. Hankalina yana nan daram, na fi ki sanin ranar da aka haife ki. Idona ne ya tafi.

Shekara biyu da rabi ke nan. Daga gefe-gefe ya fara, yana matsowa, kamar ana jan labule a hankali ta ɓangare biyu. Na je asibiti ni kaɗai, suka ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba zai dawo ba. Yanzu haske da duhu kawai nake rarrabewa. Ban faɗa miki ba don na san abin da za ki yi, ga shi kuwa kin yi.

Hujin da kike ce wa ado, layi ne. Nakan cire zare daga allura in bi takardar da keke, sannan in riƙa shafa hujin da yatsa ina rubutu a tsakani. Sai ki gaya wa abokan aikinki.

Kuma wallahi ban sha wahala ba. Tarkacen da kike tsallakewa su ne alamomina. Daga gado in ƙafata ta taɓa buhun ƙyalle, na san in juya dama. Gwangwanin da ya lotsa na sukari ne, mai santsin na gishiri. Almakashi yana ƙusa ta biyu, wayata tana cikin tsohuwar safa a ƙusa ta uku. Cefane mai shagon bakin layi ke aiko mini, yaronsa kuma ke karanta mini wasiƙunki, nakan ce masa tabarauna ne ya ɓata. Maƙwabtan da ke shigowa ba wadda ta taɓa ganewa, ina zuba musu shayi ko ɗigo ba ya sauka a ƙasa.

Ranar Asabar ɗin suka zo su tara. Suka shimfiɗa mini tabarma a waje a inuwa, suka ce in huta. Ina jin su suna jan kaya, suna waƙa, suna tsokanar juna. Rabon gidan nan da irin wannan hayaniya tun kina makaranta. Daɗi ya kama ni har na manta da kaina. Sau biyu na buɗe baki zan ce kada a taɓa, sai in ji Dogo yana cewa, "Yau Kaka za ta sha mamaki!" Ta yaya zan ce wa yaro mai wannan murna ba zan gani ba? Da suka gama suka shigo da ni, suka ce, "Kaka, ya kika gani?" Na ce, "Kai, ma sha Allah, kamar ba nawa ba." Suka yi ta tafa hannu.

Sun cire ƙusoshin bango duka sun toshe ramukan. Sukari da gishiri sun juye su a sababbin robobi iri ɗaya, suka manna wa kowace takarda da sunanta, da manyan baƙaƙe don kada in wahala. Kwana huɗu ina shan shayi da gishiri, ƙwaurina duk ya yi tabo. Ran Laraba Mai Awarwaro ta dawo ɗaukar gyalen da ta manta, ta same ni tsaye a tsakiyar ɗaki, hannuwa a miƙe. Ta ce, "Kaka, me kike nema?" Na ce, "Ƙofa." Ta zauna a ƙasa ta yi ta kuka, ni ce ma na koma lallashi. Ita ta samo mini wayar a durowa, ni kuma na ce a bar ta a kashe, don muryata ba ta iya yi miki ƙarya.

Tun ranar suke ƙoƙarin mayar da komai wurinsa. Allah Ya sa tarkacen ba su zubar ba, a sito suka jibge su. Amma ga abin dariya, in suka ce, "Kaka, da ina kabad yake?" sai in rasa amsa. Bakina bai sani ba, ƙafata ce ta sani, ita kuwa ba ta magana. Su ma ba su riƙe ba, mutum tara kowa abin da ya ɗauka ya sani. Hoton da suka ɗauka kafin su fara aiki kuwa, an ce fuskokinsu ne suka cika shi, sai kunnen kabad ɗaya. Asabar uku Dogo yana tura kabad daga bango zuwa bango, ina cewa a'a, ba nan ba ne. Bai taɓa yin tsaki ba, yaron nan.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki ɗauke ni. A hawa na huɗu, a garin da ban san ƙarar ko ƙofa ɗaya ba, kaya zan zama a kan gado. A nan na san takun duk wanda ya wuce ta bayan taga. Tsoro nake ji, 'Yar Firit, kuma ban taɓa gaya miki haka ba.

Gwaggonki

Anti, wannan karon ta ce in ƙara abin da nake so. Ki yafe mana. Mun ɗauka gyara muke yi.

*

Ranar Lahadi

Gwaggo,

Sallama. Ina lafiya, in ana kiran wannan lafiya. Kwana uku na yi ina fushi da ke. Shekara biyu da rabi! Ni da nake ɗiga wa mutanen da ban sani ba magani a ido kullum. Ran na huɗu na ciro wasiƙunki daga jaka, na rufe idona na shafa hujin, sai fushin ya dawo kaina. Ni na ce su kwashe komai. Yaran ba su da laifi, ki ce wa Mai Awarwaro ta share hawayenta.

Ga wata takarda na haɗo, zanen ɗakinki ne. Na gaya miki ina shigarsa in na rufe ido. To jiya na zauna da fensir na bi shi tun daga ƙofa, na sa komai inda na san shi, har ƙusoshin. Ban iya zane ba, abin da ya yi kama da akuya keke ne. Ki ba Dogo.

Amma ki ji sharaɗina. Hutuna yana nan, akwatin ma yana nan. In na zo na tarar kina lalube, tare za mu taho, ko da za ki yi shekara ba ki yi mini magana ba. In kuwa na ga kin tashi daga gado, kin haɗa shayi, kin kai ƙofa ba wanda ya riƙe ki, sai mu zauna mu yi magana.

Kuma ki kunna wayar.

'Yarki

*

Ranar Litinin

'Yar Firit,

Assalamu alaikum. Shafa takardar nan ki ji. Da hannuna nake rubutu, in layi ya hau layi ki yi haƙuri, na kwana biyu ban yi ba. Lafiyata lau.

Zanenki ya iso ran Alhamis. Ran Asabar suka zo su duka taran, har da tsohon kafinta da ya biyo su da hamarsa, wai shi zai buga ƙusoshi, yara ba su iya ba. Na zauna a waje kamar wancan karon. Ina jin Mai Awarwaro tana karantowa: "Keke a ƙarƙashin taga." Na ce a raina, ai keke ya bar ƙarƙashin taga tun shekarar da ruwa ya riƙa shigowa ta nan. Ta ci gaba: "Kujerar Kawu a hannun dama, rediyo a kan kabad, ƙaramin gado a bayan ƙofa." Dogo ya ce, "Wane ƙaramin gado kuma?" Suka shiga sito suka tono shi can ƙurya, kafinta ya gyara masa ƙafa ɗaya.

A nan na gane. Ke ba ɗakin bara kika zana ba. Ɗakin da kika bari kika tafi makarantar kwana kika zana, na shekara ashirin da biyar baya. Na buɗe baki zan ce ba haka yake ba, sai na rufe. Wannan karon ba kunya ba ce, so nake yi in ji yadda zai kasance.

Suka kawo ni bakin ƙofa, na ce kowa ya sake ni. Na cire takalmi na tsaya, hasken taga yana gabana, sai ƙafar hagu ta tafi da kanta. Taku uku, na kauce wa ƙaramin gado, yadda nake kaucewa da safe don kada in tashe ki. Taku biyu, hannuna ya sauka a bayan kujerar kawunki, daidai inda ya yi santsi. Na juya, gwiwata ta sami kujerar keke, na zauna, ƙafata ta hau feda. Rana tana kan hannuwana kamar da. Ashe ƙafar ba ta manta wancan ɗakin ba, ajiye shi ta yi. Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba. Na ji rediyo yana shuu bai kama tasha ba, na ji kawunki yana juya jarida, na ji numfashinki a bayan ƙofa. Kada ki kai wa likitanki wannan, na san ba kowa. Da na dawo hayyacina, yara tara suna tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "To, kallo kuka zo? Wa zai fara zama a keke?"

Gwangwanayena sun dawo, lotsattsen da mai santsin. Yau kwana tara ban yi karo da komai ba. Ina koya wa huɗu ɗinki, har da Dogo, ƙafarsa ta yi wa feda yawa. Na sa su zura zare a allura ido a rufe, har yanzu ba wanda ya ci. Sun kuma kafa sabuwar doka a ƙungiyarsu. Kafin su taɓa ko cokali a gidan tsoho, sai ya zaga da su ɗakin da kansa, ya gaya musu abin da kowane tarkace yake yi a wurin. Shekaranjiya a gidan wata tsohuwar malamar makaranta, zagayen kaɗai ya cinye musu yini, ba su ɗaga tsintsiya ba, kuma an ce ba wanda ya so tafiya.

Ki zo ki yi mini jarrabawarki, na shirya. Ƙaramin gadon yana inda kika sa shi, na yi masa shimfiɗa. Yaran sun ce a mayar da shi sito tunda ya tare hanya. Na ce a'a, in aka ɗauke shi ɓata zan yi.

Gwaggonki

*

Ranar Alhamis

Gwaggo,

Sallama, ina lafiya. Na shafa, na ji.

Akwatin na mayar wa mai shi, da 'yar jakar hannu zan zo. Ki ce wa kafinta ya ƙara wa gadon benci ta wajen ƙafa, mai shi ta ɗan ƙaru.

Ran Asabar zan iso. Kada kowa ya taro ni a ƙofa, ke za ki buɗe mini.

'Yar Firit